Babu kulob ɗin da ya kira sunansa a diraf: fashin baƙi kan hanyar da Martin St. Louis ya bi a hokin ƙanƙara

A watan Yunin 1993 a birnin Kibek na ƙasar Kanada, kulob 26 na gasar NHL, babbar gasar hokin ƙanƙara ta Amurka da Kanada, suka zauna suka dinga kiran sunayen yara ɗaya bayan ɗaya har zagaye 11, suna 286 aka kira gaba ɗaya, kuma a cikinsu babu sunan wani yaro ɗan garin Laval mai suna Martin St. Louis. Shekara ta zagayo ba a kira shi ba, ta sake zagayowa shiru. Wannan yaron shi ne bayan shekara 11 aka ba kyautar gwarzon gasar gaba ɗaya, ya fi kowa maki (wato gol da taimakon cin gol a haɗe), ya ɗaga kofin Stanley na zakarun gasar duk a kaka guda. To ta yaya haka ta faru, kuma me ya sa masu ido da kuɗi da ma'aikata a ko'ina suka kasa ganinsa?

Sai an fara gane menene diraf ɗin nan tukuna, don mu da muka saba da ƙwallon ƙafa abin zai zo mana wani iri. A ƙwallo kulob yana rainon yaro a akadami ko ya sa kuɗi ya saye shi, yaro kuma yana da ta cewa kan inda zai je. A hokin ƙanƙara na Amurka da Kanada ba haka ba ne. Duk shekara kulob-kulob suna zama su raba yaran da suka isa a tsakaninsu, waɗanda suka fi shan kashi a kakar da ta wuce su ne ke da damar fara zaɓa, da ɗan ƙuri'a da ake yi wajen fitar da na farko-farko. Kulob ɗin da ya kira sunanka shi ke da haƙƙin sa hannu da kai, ba ka isa ka ce kai wani kake so ba. Tun 1963 ake wannan tsari. Yanzu kulob 32 ne, zagaye 7, wato yara 224 kenan a shekara daga duk duniya, Kanada da Amurka da Suwidin da Finlan da Rasha da Cek da sauransu. Sharaɗin shekaru kuwa, dole ka cika 18 kafin 15 ga Satumba na wannan shekarar, kuma ɗan Arewacin Amurka in ya wuce 20 shikenan ya fita daga layin, ya zama ɗan wasa mai zaman kansa wanda kowa zai iya ɗauka, in akwai mai so.

Matsalar tana nan a shekara 18 ɗin. Ana yanke wa mutum hukunci ne yana ɗan 17 zuwa 18, lokacin da jikinsa bai gama ginuwa ba, wani ma bai gama tsayi ba. Masu farautar 'yan wasa, waɗanda ake ce wa sikawut, ba abin da yaro yake yi yau kawai suke kallo ba, hasashe suke yi na abin da zai zama nan da shekara biyar, kuma hasashe yana bin abin da ido ke iya aunawa, tsayi da nauyi da tsawon hannu da ƙarfin gudu a kan ƙanƙara. St. Louis tsayinsa ƙafa biyar da inci takwas, kusan santimita 173. A shekarun 1990 kuwa wannan tsayin kusan laifi ne a NHL. Zamani ne na ƙatti, zamanin Eric Lindros mai ƙafa shida da inci huɗu, zamanin da alƙalan wasa ke barin mai tsaron baya ya rirriƙe ka ya saƙale ka da sanda ya manna ka da bango ba a busa komai ba. A irin wannan wasa manajoji sun yarda ɗari bisa ɗari cewa ƙaramin mutum duk iyawarsa za a murƙushe shi. Ba wai ba su gan shi yana ci ba ne, sun gani, kawai sun ce ba zai iya yin hakan a cikin manya ba.

Wanda aka fara zaɓa a 1993 ɗin shi ne Alexandre Daigle, sa'ansa ne, shi ma haihuwar 1975, shi ma daga lardin Kibek. Ottawa Senators suka ba shi kwantiragin shekara biyar na dala miliyan 12.25 tun bai taka ƙanƙarar NHL ba, kuɗin da ya tayar da ƙura har daga baya aka sa iyaka kan albashin sababbin shiga. Daigle ya ƙare da maki 327 a rayuwarsa ta NHL. St. Louis ya ƙare da 1,033. Ba don a ci mutuncin Daigle na kawo shi ba, mutum ne da ya buga wasa sama da 600 a babbar gasar duniya kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne, na kawo shi ne don a ga nisan da ke tsakanin hasashe da abin da ke faruwa.

Yaron da ba a zaɓa ba hanyoyi ne 'yan kaɗan a gabansa. Wasu su ci gaba a manyan lig-lig uku na matasa na Kanada, OHL da WHL da QMJHL, har su cika 20 suna fatan wani ya waiwaye su. Wasu su tsallaka Turai. St. Louis jami'a ya tafi, Jami'ar Vermont a Amurka, daga 1993 zuwa 1997, kuma a ganina wannan ita ce hanyar da ta fi yi wa mai jinkirin girma adalci, saboda shekara huɗu ce cif, wasanni ba su da yawa kamar na lig ɗin matasa, lokacin atisaye da ɗaga ƙarfe yana da yawa, ga digiri a hannu in wasan bai yiwu ba. A can shi da abokinsa na yarinta Eric Perrin suka addabi kowa, golansu kuma Tim Thomas ne wanda daga baya ya ci kofi da Boston. Sun kai jami'ar wasan kusa da na ƙarshe na ƙasa a 1996, St. Louis ya tara maki 267 wanda ya zama tarihi a makarantar, sau uku yana shiga sahun ƙarshe na kyautar Hobey Baker ta gwarzon jami'o'i.

Duk da haka da ya gama a 1997 abin da ya samu gwaji ne kawai a sansanin Ottawa, suka duba shi suka sallame shi. Sai ya gangara Cleveland Lumberjacks a wata lig da ake ce wa IHL wadda yanzu ma babu ita, ya yi maki 50 a wasa 56, sannan Calgary Flames suka ba shi kwantiragi a watan Fabrairun 1998 suka tura shi ƙaramin kulob ɗinsu na Saint John a AHL, lig ɗin da ke ƙasa da NHL. Wasansa na farko a NHL a watan Oktoban 1998 ne, kuma a Tokiyo aka buga shi, da San Jose, lokacin gasar tana buɗe kaka a Japan.

Nan ne nake so a tsaya, domin nan ne ainihin maganar take, kuma yawancin masu ba da labarin irin waɗannan 'yan wasa tsallake wurin suke yi su tafi kai tsaye wajen kofi.

Mutane suna ɗauka wahalar wanda ba a zaɓa ba ita ce samun shiga. Shigar da wuya, amma abin da ya fi ta wuya shi ne bayan ka shiga babu mai tsaya maka. Yaron da aka zaɓa a zagayen farko sunan manaja ne a kansa, sunan shugaban sikawut ne a kansa, in ya gaza su ne suka gaza, don haka za a ba shi dama a sake ba shi a kuma ba shi, a haɗa shi da gwanayen kulob, in ya yi kuskure a ce yaro ne yana koyo. Wanda ya shigo ta gwaji kuwa babu wanda zai ji kunya in an kore shi, ba a kashe komai a kansa ba. Kuskure ɗaya ya isa. Da ma Hausawa sun ce mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwonsa gaya, to shi wannan ba shi da kowa a gindin murhun.

Kuma damar a hoki da minti ake auna ta. Kowane kulob yana shiga wasa da 'yan gaba 12, an raba su layi huɗu na mutum uku-uku, suna shiga suna fita kamar duk bayan daƙiƙa 45 saboda gudun yana cinye numfashi. Wasan minti 60 ne. Layin farko zai iya samun kusan minti 20, su ne kuma ake sakawa lokacin da abokan hamayya suka rasa mutum ɗaya saboda laifi, lokacin da cin gol ya fi sauƙi kenan. Layi na huɗu kuwa wani lokaci ko minti goma ba sa samu, aikinsu su tare, su yi karo, su hana a ci su, su fita. To ka ɗauko ƙaramin mutum wanda duk baiwarsa ita ce ƙirƙira da ci, ka jefa shi layin masu tarewa, ka ce kar ya kuskura ya yi ganganci da sanda, sannan ƙarshen kaka ka buɗe takarda ka ce ai ga shi nan bai ci komai ba. Kusan haka ta faru da shi a Kalgari. A kakar 1999 zuwa 2000 ya buga wasa 56, gol uku kacal ya ci, maki 18, alhali a AHL ci yake yi kamar ba gobe.

Ga kuma maganar kuɗi wadda ita ke karya da yawansu. Irin waɗannan 'yan wasa kwantiragi mai fuska biyu ake ba su, albashi ɗaya in kana NHL, wani albashin daban in an maida kai AHL, kuma bambancin ba kaɗan ba ne. Mafi ƙarancin albashin NHL a kakar 2024 zuwa 2025 dala 775,000 ne a shekara, na AHL kuwa ga sabon shiga bai kai dala dubu ɗari ba. Yau kana jirgin sama na kulob, gobe waya ɗaya kana cikin bas ana tafiyar dare. A ƙasan AHL kuma akwai ECHL inda albashin na mako-mako ne. Kowane kulob kwantiragi 50 kawai aka yarda ya riƙe, mutum 23 a babbar tawaga, don haka duk lokacin da aka zaɓo sababbin yara a watan Yuni wani ne zai matsa, kuma an san waye ake fara matsarwa. Mark Giordano, shi ma ba a zaɓe shi ba, a 2007 a kan wannan maganar ta kwantiragi mai fuska biyu ya bar Kalgari ya tafi Dynamo ta Mosko ya yi kaka guda, ya dawo, ya zama kyaftin ɗinsu a 2013, ya ci kyautar Norris ta gwarzon mai tsaron baya a 2019 yana ɗan shekara 35.

A bazarar 2000 Kalgari suka canza shugabanni, manajan da ya ɗauko St. Louis, Al Coates, aka sallame shi, sababbin da suka zo ba su da wata alaƙa da shi. Lokacin ana ƙara sababbin kulob biyu, Columbus da Minnesota, waɗanda aka ba damar tsintar 'yan wasan da sauran kulob ba su kare ba. Kalgari suka bar shi a fili, su ma sababbin ba su ɗauke shi ba, kulob ɗin da kusan ba su da 'yan wasa fa. Sai aka biya shi ragowar kwantiraginsa aka ce ya kama gabansa. Yana da shekara 25.

Abu ɗaya da rashin zaɓa ke ba mutum shi ne 'yancin duba inda zai je, kuma ya yi amfani da shi da hankali. Tampa Bay Lightning ya nufa a Filorida, kulob ɗin da a lokacin ke can ƙasan tebur, saboda a wurin da babu gwanaye da yawa ne minti ke samuwa. Farkon kakar can ma bai yi daɗi ba, har benci ya sha, sai da ya yanke shawarar komawa irin wasansa na asali, ya daina buga wasan tsoron kuskure, ya nemi a ƙara masa lokaci. A watan Janairun 2001 John Tortorella ya karɓi aikin koci, mutum mai zafi amma mai ba wanda ya yi aiki haƙƙinsa ba tare da duba lambar diraf ba. Ya gama kakar da gol 18 da maki 40. Kaka ta gaba yana kan ganiya ƙafarsa ta karye. Ya dawo ya ci 33 da maki 70 a 2002 zuwa 2003.

Sai 2003 zuwa 2004, gol 38, taimako 56, maki 94, ya fi kowa a gasar. Kuma wallahi abin da ke burge ni a nan shi ne ya yi wannan ne kafin a gyara dokoki. Sai bayan rikicin albashi da ya cinye kakar 2004 zuwa 2005 gaba ɗaya ne NHL ta fara hukunta riƙo da saƙale mutum da sanda da gaske, wanda ya buɗe wa ƙanana masu sauri hanya. Shi a tsakiyar zamanin ƙattin ya zama gwarzo, a cikin wasan da aka ce ba zai iya rayuwa a ciki ba. Wasan ƙarshe na kofin Stanley kuma da wa aka haɗu? Calgary Flames. Wanda ya fara cin wasa huɗu cikin bakwai shi ke ɗauka, Kalgari suna gaba uku da biyu, wasa na shida a gidansu, kofin yana cikin ginin, gari ya gama shirin biki. Aka tafi ƙarin lokaci na farko babu ci, daƙiƙa 33 da shiga na biyu St. Louis ya zura. Aka koma Tampa wasa na bakwai suka ci biyu da ɗaya, kuma duka biyun Ruslan Fedotenko ɗan Yukiren ne ya ci, shi ma ba a taɓa zaɓarsa a diraf ba. Babban mai tsaron bayansu Dan Boyle shi ma haka.

Daga nan sai tarin nasara, maki 102 a 2006 zuwa 2007, kyautar Lady Byng ta iya wasa da ladabi sau uku, ya sake fin kowa maki a 2013 yana ɗan shekara 37, wanda ya fi kowa tsufa da ya taɓa yin haka. Amma tabon bai warke ba. A 2014 Steve Yzerman, wanda shi ne manajansa a Tampa kuma shi ke haɗa tawagar Kanada ta Olamfik ɗin Sochi, ya fitar da suna babu shi. Daga baya aka saka shi a madadin Steven Stamkos da bai gama warkewa daga karaya ba, ya je ya ciyo zinare, ya dawo ya ce a sayar da shi. Magoya bayan Tampa da yawa sun ji haushi, kyaftin ne fa, kuma ina fahimtarsu. Ni dai ina ganin mutumin da aka tsallake tun yana yaro har ya girma, idan na gida ya sake tsallake shi bayan duk abin da ya yi, zafin ba irin na kowa ba ne. A watan Maris aka musanya shi da Ryan Callahan ya koma New York Rangers. A watan Mayu ana tsakiyar wasannin fitar da gwani mahaifiyarsa ta rasu kwatsam, Pittsburgh suna gaban Rangers da wasa uku da ɗaya, ya je gida ya dawo ya buga washegari, a wasa na shida da ya faɗo ranar iyaye mata shi ya fara ci, Rangers suka juya wasan har suka kai ƙarshe inda Los Angeles Kings suka doke su. Ya yi ritaya a 2015 da wasa 1,134 da gol 391. Tampa suka jingine lambarsa 26 a 2017, wato ba wanda zai sake sa ta a kulob ɗin, shi ne na farko da suka yi wa haka, aka shigar da shi zauren gwanayen hoki a 2018.

Kar wannan ya sa a ce diraf shirme ne, ba haka ba ne. Mafi yawan manyan taurari daga zagayen farko suke fitowa, Lemieux da Crosby da Ovechkin da McDavid duk na ɗaya aka zaɓe su, sikawut sun fi yin daidai a kan kuskure. Kuma a bayan kowane St. Louis akwai samari da yawa da suka bi wannan hanyar sak, jami'a, gwaji, bas ɗin AHL, suka ƙare a wata ƙaramar lig a Jamus ko Ingila, suka ajiye sanda kafin 30 da gwiwa mai ciwo ba wanda ya san sunansu. Wasu cikinsu iyawar ce ta gaza, wasu kuma ban yarda iyawa ce ba, kocin da zai ba su minti ne ba su haɗu da shi ba.

Abin da ya canza shi ne kulob-kulob sun koyi darasi, yanzu duk ƙarshen kakar jami'o'i wajen Maris da Afrilu rububi ake yi a kan waɗanda diraf ya tsallake, saboda ɗan shekara 22 ko 23 an riga an ga yadda ya zama, ba hasashe ba ne, kuma ba a ɓata zaɓi a kansa ba. Haka ma Turai. Artemi Panarin ba a zaɓe shi ba, ya zauna Rasha ya ci kofi da kulob ɗin SKA a 2015, ya zaɓi Chicago da kansa, ya zama gwarzon sababbin shiga a 2016, a 2019 Rangers suka ba shi dala miliyan 81.5 na shekara bakwai. Sergei Bobrovsky, shi ma ba a zaɓe shi ba, ya ci kyautar gwarzon gola sau biyu da kofi biyu a jere da Florida Panthers a 2024 da 2025. Jonathan Marchessault, wani gajeren daga Kibek da diraf ya tsallake, shi ne gwarzon wasannin fitar da gwani lokacin da Vegas suka ɗauki kofi a 2023.

Shi kuwa St. Louis bayan ritaya yara yake koyarwa a Connecticut, ƙungiyoyin 'ya'yansa, kwatsam a watan Fabrairun 2022 Montreal Canadiens suka kira shi ya zama koci, kulob mai kofi 24, suna can ƙarshen tebur a lokacin, shi kuma bai taɓa horar da ƙwararru a matsayin babban koci ba ko a ƙaramar lig. Aka sake cewa bai isa ba. Cole Caufield, wani gajeren matashi da gol ɗaya kacal ya ci a wasa 30 kafin zuwansa, ya ƙare kakar da 23. Arber Xhekaj, wanda ba a zaɓa ba a diraf ɗin OHL ba a zaɓa ba a na NHL, wanda lokacin korona a kantin Costco yake aiki, a hannunsa ya samu gurbi a babbar tawaga a kakar 2022 zuwa 2023. A 2025 ya kai su wasannin fitar da gwani karon farko tun 2021, Washington ta fitar da su a zagayen farko a wasa biyar.